Masu Kallon Jirgi a Gaya

Ku ƙaryata ni in kun isa: kawuna ya shekara ashirin yana zaman kallon jirgin ƙasa a Gaya ta iyakar Dahome, garin da ko ƙusar dogo babu! Usur ɗin wani jandarma ya tuna mini da shi jiya.

Nasara suka kwashe shi da ƙannensa biyu aikin dole, shimfiɗa dogo a Dahome, wai jirgi zai iso mana. A garin Faraku dogon ya tsaya, bai iso mu ba. Duk Juma'a kawu da abokansa sukan jeru bakin kogi, yana musu kukan jirgi har jakunan ƙauyen Tanda su tsinke igiya. Allah ya jiƙansa, ya saka masa.

Wata rana, ina wurin, tafintan kumandan Nasara ya ce masa, "Baba, haƙuri, baɗi zai iso."

Kawu ya tofar da goro. "Rufe mini baki! Jirgin da ya cinye ƙannena biyu ya ƙoshi, me zai zo ci nan?"