Da Sauƙi, in ji Rhoda

Duk wanda ya san Kakuri ya san rumfar Rhoda mai kitso, 'yar Bokkos ɗin nan siririya da ke dariya kamar ba ta da damuwa. Sikila gare ta tun haihuwa, kuma tun tana ƙarama uwarta ta koya mata abu guda: in an ce miki ya jiki, ki ce da sauƙi. Ta riƙe wannan karatu gam, har ta gama sakandare ta zo Kaduna neman na kanta.

Da damina ta kankama, ciwon ya kayar da ita a bakin aiki, kan wata mata rabi a tsefe. Maƙwabta suka kai ta asibiti, aka ba ta gado, aka ɗaura mata ruwa. Ƙasusuwanta kamar ana daka su a turmi.

Kowane gado da mai jinyarsa, ban da nata. Ba ta son komai a duniya illa uwarta ta zo ta zauna a gefenta, ta matsa mata ƙafa kamar da.

'Yan ƙungiyar mawaƙan cocinsu na Barnawa suka zo ranar Lahadi da lemo, suka yi addu'a mai ƙarfi, suka tambaye ta jiki. Ta ce da sauƙi. Shi ke nan fa, suka gode wa Allah suka tafi, ba su ƙara leƙowa ba. Kai, mutane! Ido bai ga ramarta ba ne? Amma kowa ya fi son amsar da za ta sallame shi.

A gadon kusa akwai wata tsohuwa mai raki, ko sauro ya cije ta sai ta kira sunan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ai kuwa ɗakin ba ya rabuwa da danginta. 'Yarta Sumayya, matar aure mai kirki, ita ke kama Rhoda zuwa banɗaki. Rhoda tana godiya, tana kuma jin haushi har cikin ranta.

Rannan Sumayya ta ce mata, "Baiwar Allah, ciwon da aka ɓoye ba ya samun mai jinya. Kira mamarki ki faɗa mata gaskiya."

Rhoda ta daɗe tana juya wayar kafin ta kira. Uwar tana gona, ana jin muryoyin masu haƙar dankali.

"Rhoda, ya jikin?"

"Mama, babu sauƙi. Ina shan wuya. Ki zo."

Sai uwar ta ɗaga murya a tsorace: "Kul! Kada bakinki ya ja miki. Wa ya koya miki wannan magana? Maza ki janye, ki ce da sauƙi cikin sunan Yesu."

"Mama..."

"Faɗi in ji da kunnena!"

Hawaye na gangarowa cikin kunnenta, Rhoda ta ce, "Da sauƙi, Mama."

Uwar ta sauke ajiyar zuciya. "Yauwa, 'yata. Tunda da sauƙi, bari mu gama da dankalin nan, sai in zo."