Tabon da Wasana Ya Bari a Talbijin ɗin Garinmu

A zamanin mulkin farar hula na biyu ni saurayi ne mai shekara ashirin da uku, ɗan wani ƙauye tsakanin Boɗinga da Shagari, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na gama firamare, na ɗan taɓa makarantar horon malamai na bari, amma a garinmu wannan ya isa a kira ni ɗan boko. Da aka gina mana gidan kallo, aka kawo talbijin baƙi da fari da ƙaramin injin wuta, ni aka danƙa wa talbijin ɗin. Ni ke kunnawa, ni ke juya eriya, ni ke cewa kowa ya ja da baya. Edita, ina karanta shafinku na sababbin wayoyi da akwatunan wasa, ina jin matasa na gardamar wanne ya fi wanne, shi ya sa na ce bari in ba su labarin akwatin wasa na farko da ya shigo garinmu, da abin da ya kusa jawo wa wani bawan Allah ta dalilina.

Mu biyu ne ma'aikatan gidan kallon. Ɗayan dattijo ne, tsohon direban babbar mota, wanda idonsa ya fara rauni ya dawo gida yana noman albasa a fadama. Baba nake ce masa. Shi ke tayar da inji, shi ke share ɗakin, shi ke goge gilashin talbijin da wani tsumma mai laushi da ba ya yarda kowa ya taɓa. Sai dai Baba ɗan adawa ne tun ƙuruciyarsa, har an taɓa ɗaure shi saboda bakinsa, kuma bai daina ba. To ku duba, a yankin da shugaban ƙasa ɗan gida ne, garin gaba ɗaya na jam'iyya guda, shi kaɗai yake tasa tafiyar. Ba don ƙauna aka ba shi aikin ba, don dai babu wanda ya san ciwon inji kamarsa ne.

Akwatin wasan kawuna ne ya zo da shi daga aikin Hajji. Ya saye shi a zaton wata sabuwar rediyo ce, da ya murɗa ya murɗa bai ji ko tari ba, sai ya miƙo mini ya ce in ga ko bokona zai yi rana. Wani abu ne mai faɗi kamar faranti, da mamurɗai biyu masu dogayen wayoyi. Na kwana uku ina nazarin zanen da ke jikin takardarsa kafin in gane cewa a bayan talbijin ake haɗa shi, a wurin wayar eriya. Ranar da na gwada, wallahi sai da na ja da baya. Gilashin ya yi baƙi, wani layi fari mai ɗigo-ɗigo ya raba shi biyu daga sama har ƙasa, lambobi biyu, sifili da sifili, suka fito a sama, ga 'yan sanduna biyu a gefe da gefe, ga wani ɗigo yana kai da kawowa yana ƙara tit, tit. In na murɗa, sandata ta motsa. Duk rayuwata ina kallon abin da aka ga dama aka nuna mini, yau ga talbijin yana bin umarnin hannuna. Matasan yanzu za su yi dariya, amma ba na jin wayoyinsu sun taɓa ba su daɗin da na ji ranar nan.

Na san ba za a yarda a yi wasa da kayan hukuma ba, don haka na ɓoye. Bayan azahar, in Baba ya tafi fadama, sai in buɗe ɗakin da mabuɗina, in zuba man da na saya da kaina don kada a ga na hukuma ya ragu, in tayar da inji. Gidan kallon a bayan gari yake, kuma kusa da mai injin niƙa, ƙarar ba ta damun kowa. Abokin wasana wani tela ne, sa'ana, mai surutu kamar me, amma a kan wannan ya riƙe bakinsa. Kuma ba yabon kai ba, bai taɓa cin galaba a kaina sau biyu a jere ba. Kuskuren da na yi ƙarami ne a ido. Da rana hasken taga yana kashe hoton, sai na riƙa murɗa hasken talbijin har ƙarshe. In an kira la'asar kuma mu bar shi a kunne mu tafi masallaci, layin nan da sifili biyu suna tsaye wuri guda suna ci. Haka muka yi kusan wata biyu. Ban san cewa hoton da ya daɗe a tsaye da haske mai ƙarfi yana ƙone cikin gilashin ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Tabon ya fito ne a daidai lokacin yaƙin neman zaɓe, lokacin da gari ya ɗau zafi. Da farko dishi-dishi ne, sai wanda ya zauna gaba ke gani. Sannu a hankali ya yi duhu. Wata rana bayan magariba aka nuno shugaban ƙasa yana jawabi, fuskarsa ta cika gilashin, sai ga baƙin layi ya ratsa ta tun daga hula har haɓa, ga zobba biyu a sama kamar an buga hatimi. Shugaban jam'iyya na garinmu, wani mai son a san da shi, ya miƙe ya ce wanga abu ba banza ba, hannu ne aka sa. Ya tambaya wa ke taɓa gilashin kullum. Duk aka juya aka dubi Baba. Wasu suka ce da allura ya karce, wasu suka ce asiri ne ya shafa da tsummansa don a raba kan jama'a biyu. Ni kuwa ina tsaye gefen talbijin, kallo ɗaya na yi na gane layina ne da sifilina.

Kwana tara na yi shiru, kuma su ne kwanakin da nake jin kunyarsu har yau. Aka karɓe mabuɗin Baba. Wasu matasa suka shiga fadamarsa suka tattake irin albasar da ya yafa. Aka fara maganar a kai shi gaban alƙali, a kuma ƙwace fadamar, tunda aro ce daga hakimi, alhali ita ce abincin gidansa. Abokina tela kuwa nan take ya tuna yana da gwaggo marar lafiya a Mandera, ya ɗaure keken ɗinkinsa a bayan mota ya ɓace. Na gwada goge tabon da kananzir, na gwada da toka, na gwada da ruwan lemun tsami, a banza, don ciwon a ciki yake. Har na ɗauki akwatin na nufi wata tsohuwar rijiya da shi, na tsaya a bakinta na kasa sakewa. Abin da ya karya ni shi ne ranar da na haɗu da Baba a ƙofar masallaci. Mutane na kauce masa, shi kuwa ya gaishe ni kamar kullum, ya ce in tuna in canza wa injin baƙin mai kafin Juma'a, kada ya lalace a hannuna. Na koma gida na kasa cin tuwo.

Ranar da hakimi ya tara dattawa a ƙofar gidansa don yanke magana, na zo da akwatin a cikin buhu. Baba na zaune a ƙasa, shugaban jam'iyya na ta zuba. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce ransa shi daɗe, ina roƙon a tashi a je gidan kallo, akwai abin da ido ne kawai zai iya shaidawa. Mahaifina, da ke cikin dattawan, ya harare ni, ya ce in san inda nake. Hakimi ya dube ni, sannan ya miƙe, dole kowa ya bi. Na tayar da inji da rana tsaka, na kunna talbijin. Ba a fara shirye-shirye ba, gilashin na ta yayyafi, tabon ya fito ɓaro-ɓaro. Na ce kowa ya dube shi da kyau. Sannan na cire eriya na haɗa akwatina. Farin layin ya sauka daidai kan baƙin, ɗigo kan ɗigo, sifili biyu suka zauna cikin zobban nan kamar don su aka yi. Na faɗi komai, tun daga tsarabar kawu har man da nake saye, na ce Baba bai san hawa ba bai san sauka ba, in akwai mai zuwa gaban alƙali to ni ne.

Shugaban jam'iyya ya so ya juya maganar, ya ce ai tsohon ne ya sa ni. Hakimi ya ɗaga masa hannu. Ya matso, ya karɓi mamurɗi guda, ya murɗa, ya ga sanda ta hau ta sauka, ya sake murɗawa. Sai ya ce shi dai bai ga jam'iyya a cikin wanga akwati ba, wauta ya gani, kuma mai wautar ya kawo kansa. Ya sa aka mayar wa Baba mabuɗinsa a gaban kowa, ya ce fadama tana nan a hannunsa. Ni kuma aka sallame ni daga aiki a ranar. Mahaifina bai doke ni ba, abin da ya yi ya fi duka dacewa: ya ce in je in sake yafa wa Baba irin da aka tattake, in yi masa ban ruwa har albasa ta nuna. Na fita daga ɗakin nan ba aiki, ana nuna ni da baki, amma rabon da in ji iska ta shiga ƙirjina haka tun kafin tabon ya fito.

A fadamar ne, muna jan ruwa, na roƙi Baba gafara. Ya yi dariya ya ce ai ya sani tun makon farko. Ya ce mutumin da ya yi shekara talatin da inji ba zai zo da yamma ya taɓa shi ya ji ɗumi ya kasa ganewa ba, ga baƙin mai na saurin ƙonewa, kuma wata rana da ya dawo ɗaukar fartanya ya ji tit, tit ta taga. Na ce to don me bai tona ni ba, har aka tattake masa gona. Ya ce shi an saba zaginsa, fatarsa ta yi kauri, amma bai taɓa fansar kansa da ɗan wani ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Ya ce jira yake ya ga ko ni mutum ne. Na sunkuyar da kai ina ta zuba ruwa a kwamin albasa ɗaya har ya cika ya tumbatsa.

Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki, ga tsuke bakin aljihu, ga fari, ana layi kan sabulu da madara. Wa zai kawo wa ƙauye sabon talbijin? Haka aka ci gaba da kallo da tabon, duk wanda aka nuno, soja ko malami ko mai rawa, layina na ratsa fuskarsa. Abin ya tsaya mini a rai. Na tafi Sakkwato na zauna wurin wani mai gyara, shekara huɗu ina koyo, ina kwana a shago. A can na san sunan abin da na ƙona, kwalba suke ce mata. Da na samu wata mai kyau daga talbijin ɗin da tsawa ta lalata, na naɗe ta da bargo, na rungume ta a cinya a cikin mota har garinmu. Da hannuna na canza ta, Baba ya tayar da inji. Lokacin idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ya matso har hancinsa na taɓa gilashin, ya tambaye ni ko layin ya tafi. Na ce ya tafi, Baba. Ya ciro tsummansa daga aljihu ya goge gilashin a hankali, ya ce to yanzu zai yi shararsa ba mai kallon hannunsa.

Yau shekaruna sun ja, ina da shagon gyara a Boɗinga, mutane na kawo mini kaya daga Danchadi har Shagari, kuma ina alfahari da sana'ata. Ba na cikin tsofaffin da ke zagin wasannin zamani, ni na riga kowa kamuwa. Abin da nake gaya wa matasa shi ne, kada ka yi gwaji da kayan da aka ba ka amana, kuma na'urar da ba ka san halinta ba ka tambaya kafin ka murɗa ta har ƙarshe. In kuwa ka riga ka yi ɓarna, ka duba wa ake shirin ɗora wa, don kullum akwai wanda gari ya daɗe yana neman dalili a kansa. Ni kwana tara na ɗauka, kuma a cikinsu aka tattake gonar tsoho. Ku kada ku kai haka. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Tsohuwar kwalbar tana nan a kan kanta a shagona, da layinta da zobbanta, kuma duk wanda ya zo koyon aiki wurina, kafin in ba shi sukundireba sai na sauko da ita na gaya masa wanda ya yi tabon.