Madafin Yaya Saratu ba shi da taga

Ku matso kusa, jama'a, in faɗa muku abin da ke ci mini rai. Watan nan Yaya Saratu ta cika shekara bakwai da rasuwa. Ita ce babbarmu, ita ta goye ni, kuma da wuya a ce ka ci waina a Samaru ba ka ci ta hannunta ba.

Madafinta ba shi da taga, kuma da gangan ta hana a fasa. A saman murhu take rataya irin masarar baɗi, yadda muka taso muka ga ana yi, don hayaƙi ya kori ƙwari. In na ce idona na yaji, sai ta ce, "Ke Ladi, raki gare ki. Hayaƙin da ke tsare iri ne zai cuci mutum?" Masarar ba ta taɓa lalacewa ba. Ita kuwa tari ya kama ta ya ƙi saki. Da likita ya tambaye ta ko tana shan taba, ta yi dariya har ta sarƙe, wai ita da ke ba da waƙa a zumuntar mata ta coci.

Ba son itace ne ya yi mata yawa ba. Tana da risho, amma sau nawa ta wuni a layin kananzir a Sabon Gari ta dawo da galan wayam? Lantarki kuwa baƙo ne, ba ya sallama, ba ya ban kwana.

Yanzu kullum rediyo na cewa gwamnati ta tsara manufar makamashi, za a samo wuta daga rana da iska, kowa ya samu. Na san abin da Yaya za ta ce: "Rana kam muna da ita har ta yi yawa. A tambaye su, tana soya waina?" Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da kunne. Ina jin ana maganar masana'antu da ofisoshi, ban cika jin an ambaci murhu ba.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne Rahila, 'yarta. Ita ta gaji tandar, da madafin, kuma bana ta fara irin wannan tarin. Na kira magini ya fasa taga tana ta mita, masarar kuma na kwashe na zuba a tulu da toka. Ni da Hajiya Asabe, maƙwabciyarmu mai ƙosai, mun tara matan layinmu mun je wurin kansila, muka ce a sa murhun da ba ya hayaƙi cikin wannan tsari nasu. Ya ce mu dawo. Za mu koma, mu sake komawa. Naci dai a wurin Yaya na koye shi, shi ta bar mini.

Kai mai karatu, matar da ta dafa abin da ka ci yau, ka taɓa tsayawa ka saurari numfashinta?