Ɗiyar Mutane

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, ko "waccan". Bafulatanar ruga ce daga wajen Sukuntuni, kunyarta kuwa ta fi ta kowa a unguwarmu. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, can na girma har Allah ya karɓi ranta. Da na dawo ɗakin Inna sai muka zauna kamar baƙi biyu a mota. Ina ganin tana wasa da ƙannena, abin yana ci mini rai, ban dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ina 'yar shekara goma sha uku zazzaɓi ya kwantar da ni, Baba yana ci-rani a Kudu. An jiƙa saiwa, an sayo ƙwayoyi a kemis, jiki ya ƙi. Rannan da safe cikina ya kumbura ya yi tauri, ko zane ya taɓa shi sai na yi ƙara. Inna ba ta ce mini sannu ba. Ta fita ta kira ɗan maƙwabcinmu mai babur, aka sa ni a tsakiya, ta hau bayana ta riƙe ni da hannu biyu. Rabona da jikinta tun ban san kaina ba.

A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa, ta hanyar Kusada, malamin ya danna cikin sau ɗaya ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu nemi likita a Kankia, kada mu tsaya ko shan ruwa. Muka sake hawa. Duk ramin da babur ya faɗa sai in ji kamar an soka mini wuƙa.

A asibitin Kankia mun iske baranda cike da jama'a, har da matan ƙauyenmu da suka zo dubiya. Likitan saurayi ne ɗan birni, mai sauri a magana. Ya duba ni, ya ce hanji ya huje, sai an yi aiki yau ɗin nan. Sannan ya juya wurin Inna.

"Ke ce mahaifiyarta?"

Inna ta dubi matan ƙauyenmu, ta ja mayafi ta rufe baki.

"A'a, ɗiyar mutane ce. Rakiya na yo."

Ba ƙarya ta yi niyya ba, abin da kowace mai kunya za ta faɗa ke nan. Shi kuwa ya ɗauki maganar yadda ta zo. Ya ce ba zai sa wa yarinya wuƙa ba sai uwa ko uba ya amince, a yi maza a ɗauko su, yamma ta yi mata nisa. Ya wuce wurin wani maras lafiya.

Ina kwance ina jin komai. Matan suka yi tsit, don ba mai tsinka wa mace kunyarta a gaban jama'a. Tsoro ya kama ni, ba na mutuwa kaɗai ba. Na ji tsoron Inna za ta iya barina in tafi a kan ta buɗe baki.

Sai na ji takunta. Ta bi likitan har tsakiyar baranda, matar da ko a kasuwar nono ba a jin muryarta.

"Likita, dakata. Ba wanda za a ɗauko. Ɗiyata ce, ni na haihe ta, ita na hwara haihuwa. Ka yi mata aikin."

Ta dangwala yatsa a takarda inda aka nuna mata. Da aka tura ni ciki ba ta kalle ni ba, ta juya fuskarta ga bango. Ni kuwa kuka nake, ma'aikaciyar jinya tana ta rarrashina, wai in yi haƙuri, yanzu za a yi mini allura ciwon ya tafi.