Na Riƙe Wa Malam Jaka, Na Saki Ajina

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ku yi min uzuri ba zan faɗi sunana ba, domin Hausawan yankin Washington ba mu da yawa, in mutum ya yi atishawa a Hyattsville sai an bugo masa waya daga Clinton ana yi masa sannu. A lokacin da abin nan ya faru, ni magidanci ne mai tumbi daidai gwargwado, furfura ta fara leƙowa a gemu, ga baki da ba ya zuwa hutu. Duk wurin suna ko walima ni ne mai ba da dariya, har maiɗakina kan ce da a ce da surutu ake sayen gida, da tuni unguwar tamu ce. A gida Najeriya na yi shekaru a sashen tsare-tsare na ma'aikatar ilimi, na zo nan ƙaro karatu, na zauna. Bayan na sha tuƙin tasi har bayana ya ɗauki siffar kujera, Allah Ya ba ni aiki a wata cibiyar bincike da horarwa kan tsara ilimi da gudanar da makarantu. Jami'an ma'aikatun ilimi ne ke zuwa daga ƙasashe daban-daban, a koya musu yadda ake hasashen yawan yara da malamai, da inda ya dace a gina makaranta. Na gwaji aka ɗauke ni. Aka ce za a ba ni aji guda a kwas ɗin bazara, in na riƙe shi da kyau a tabbatar da ni malamin cibiya. Ranar da na ji haka na shiga jirgin ƙasa ina ta murmushi ni kaɗai, har wata tsohuwa da ke gefena ta canja kujera.

Ana dab da fara kwas sai ga waya daga gida. Malamina ne. Shi ya koyar da ni a cibiyar horar da masu tsara ilimi tun ina saurayi, shi ya tsaya min na sami aiki, shi ya karɓa min aure. Yanzu babban darakta ne da ke shirin ritaya. Bayan na gama gaishe shi a durƙushe, duk da waya ce ba ya ganina, sai ya ce albishirinka, ma'aikata ta turo shi kwas, kuma an ce masa ajin yaronsa zai shiga, don haka shi gida ya zo. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi, amma ina ajiye wayar na dafe kai.

Cibiya ta kama wa baƙi otal kusa da ita. Malam ya ce shi ba akuya ba ne da za a riƙa ba shi ɗanyen ganye safe da yamma, zai sauka wurin ɗan ƙaninsa a Manassas inda ake tuƙa tuwo. Ɗan ƙanin kuwa likita ne, tun asuba yake fita, saboda haka ni ne zan riƙa ɗaukar Malam. Ga wanda bai san nan ba, Hyattsville inda nake zaune na wannan gefe, Manassas na can ɗaya gefen, birnin gaba ɗaya da kogi suna tsakani, ga cunkoson motocin da mutum zai shiga da gemu a aske ya fito da shi ya tsiro. Maiɗakina ta ce in lallaɓa shi ya zauna a otal, mu riƙa kai masa tuwon. Na ce mata ba ta san wane ne Malam ba. Ta ce ta san shi sarai tunda shi ya miƙa sadakinta, amma mutanen ofishina ba su san shi ba, kuma ba su halarci ɗaurin auren ba.

Ranar farko na isa ajina a makare. Malam na gaba cikin babbar riga tana sharar ƙasa, ni ina biye da jakarsa a hannun dama, fulas ɗin shayinsa a hagu, sallaya a hammata. Shugabar sashenmu, wata Baturiya siririya, tana tsaye a bakin ƙofa ta yi min murmushi. Daga baya na gane irin murmushin nan nasu shi ne a wurinmu ake kira harara. A cibiyar kowa da sunansa tsirara ake kiransa, ko minista ne, an rubuta an ajiye a gaban kujerarsa. Ni kuwa tunda nake ban taɓa furta sunan Malam ba, ina jin in na gwada harshena zai karye. Sai ya zama kowa in kira sunansa, in an zo kan Malam in ce ranka ya daɗe, gwiwata ta ɗan lanƙwashe da kanta ba tare da ta nemi izinina ba.

Malam ba ya ɗaga hannu in zai yi magana. Gyaran murya yake yi, ni kuma da na ji sai maganata ta tsinke ko da ina tsakiyar kalma. Ya shaida wa ajin cewa ya san ni tun wandona bai kai idon sawu ba, cewa na faɗi jarrabawarsa ta farko warwas, kuma duk abin da za su ji daga bakina daga aljihunsa na ɗauko. Aji ya fashe da dariya, ni ma na taya su, haƙora a waje zuciya na tafasa. Wata rana ina tsaka da bayanin yadda ake hasashen yawan 'yan aji ɗaya, ya ɗaga fulas ya girgiza shi, ya ce da Hausa, yaro, ruwan nan ya huce. Jama'a, wallahi na ajiye alƙalamin allo na fita neman ruwan zafi. Manyan jami'ai daga nahiyoyi uku suna zaune suna jiran malaminsu ya dawo daga kicin. In an tashi kuma ba hutu, sai yawon kantuna, Malam na neman takalmin jikoki da agogon Hajiyarsa, ni ina tura keken kaya ina lissafin darasin gobe a kai.

Shugabar ta kira ni ofis, ta tambaye ni cikin taushin murya ko akwai abin da ke damuna game da ɗaya daga cikin ɗalibai. Na buɗe mata rumbun barkwanci, na ce a wurinmu malami uba ne, ko a Lahira ka gan shi sai ka karɓi jakarsa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce tana girmama al'adata, amma sauran ma teku suka tsallako, kuma ba don su ga ana girmama mutum ɗaya suka zo ba. Ta ce za ta zauna a ajina ranar darasin taswira. Na fito ina cewa a raina yau zan yi wa Malam magana a mota. Muka shiga mota, ya kama labarin rasuwar mahaifina da yadda ya tsaya a kan jana'izar, sai na tsinci kaina ina tambayarsa ko sanyin motar ya yi masa yawa.

Darasin taswira shi ne gonata, a kansa na yi binciken da ya sa aka ɗauke ni aiki. Ana ba ɗalibai taswirar wata gunduma ta ƙirƙira, da ƙauyuka da yawan yaran kowanne, a ce makaranta ɗaya tak za a gina, a ina za a sa ta? Malam ya tashi ya dangwala yatsa a bakin kwalta, kusa da babban gari. Sai wata matashiya daga Nijar, jami'a a ma'aikatar iliminsu, wadda ita kaɗai ce a ajin ke kirana Malam, ta ce a yi mata afuwa, amma yawancin yaran suna hayin kogi, kuma babu gada. Da damina ba mai tsallakowa, iyaye kuma ba za su saki ƙananan yara su yi wannan tafiya ba. Malam ya ce mata 'yata, tun ba a haife ki ba nake gina makarantu. Makarantar da ba ta bakin hanya, motar siminti ba ta zuwa, sufeto ba ya zuwa, malamin da aka tura ma sai ya kawo takardar asibiti, ƙarshenta awaki ne za su yi karatu a ciki. Ta ce to Baba, ta bakin kwaltar ma ai awakin ne za su shiga, tunda yaran suna hayi.

Kowa a ajin ya juyo gare ni. Amsar tana bakina, na kwana da ita, na tashi da ita: a gina a hayi inda yaran suke, a haɗa da gidan malamai, a horar da 'yan yankin su koyar. Damuwar Malam gaskiya ce, amma tana da magani, kogi kuwa ba ya matsawa. Abin haushin ma, auna nisan tafiyar yaro da zare a kan taswira, Malam ne ya koya min da hannunsa. Shugabar na baya da biro. Malam ya cire tabarau ya zuba min ido. Na buɗe baki, sai na ji wata murya mai kama da tawa tana cewa ai Malam ya fi mu gogewa, duka ra'ayoyin biyu suna da kyau, kuma lokacin shan shayi ya yi. Da 'yar Nijar ɗin ta zo wucewa ta gabana, ta ce min sannu Malam, ashe shayi muka taso sha tun daga Yamai.

A ƙarshen kwas shugabar ta sake kirana, da murmushin nan. Ta ce ta lura Allah Ya ba ni baiwar kula da baƙi, don haka za a mayar da ni sashen tarbar mahalarta, ɗauko su daga filin jirgi da kama musu masauki. Ajin kuma za a ba wani. Ba a kore ni ba, amma da kora ce da na fi sanin yadda zan ba da labarin.

Na ɗauki Malam zuwa filin jirgi, akwatuna har rufin mota, na ƙudura yau sai ya ji abin da ya jawo min. Sai ya riga ni. Ya ce yaro, ka ba ni kunya. Wai duk ma'aikata ya cika wa baki cewa ɗalibinsa na koyarwa a Amurka, shi ya sa ya nemi a turo shi ya gani da idonsa. Ya ce ranar taswira tun yarinyar nan ba ta rufe baki ba ya gane ita ke da gaskiya, amma mutum mai shekarunsa ba ya janyewa a gaban sa'ar 'yarsa sai malamin aji ya yanke hukunci. Shi ya sa ya cire tabarau, yana jira in kayar da shi da hujja, ya koma gida yana alfahari cewa yaronsa ya fi shi. Sai na kira shayi. Ya tambaye ni wa ya koya min wannan tsoron, domin dai ba shi ba ne. Ina so in ce ranka ya daɗe, wa ya aike ni ɗebo ruwan zafi? Muka tsaya, ya miƙo min jakarsa. Na karɓa.

Yau in kun sauka a filin jirgi kuka ga wani mai tumbi riƙe da allon sunayen baƙi yana washe baki, ku yi masa sannu. Jakunkunan duniya nake ɗauka yanzu, tunda na nuna ƙwarewa. Har gobe ina girmama Malam, kuma ba na nadamar durƙusa masa. Abin da ke ci min rai shi ne na ɗauka shiru shi ne ladabi, alhali mutanen ajin nan za su koma ƙasashensu su yanke inda yaran gaske za su yi karatu, kuma na sallame su ba tare da amsa ba. 'Yan'uwana da ke aiki a irin waɗannan wurare, manyanmu za su ci gaba da zuwa kwas, kuma wata rana naka zai faɗo ajinka. Ka gaishe shi, ka kai masa tuwo, amma tun a daren farko ka zauna ka gaya masa cewa in an shiga aji kai ne mai allo. Ku kuma iyayenmu, in kun ɗora yaro a sama, ku rage gyaran murya.

Kwanan baya Malam ya bugo, wai mataimakinsa zai zo kwas ɗin bana, ya ce masa kada ya damu, yaronsa na nan. Na durƙusa a tsakar falo na gaishe shi, maiɗakina na kallona ta riƙe ƙugu. Sannan na ce ranka ya daɗe, otal na nan kusa da cibiya, gadonsa da laushi, kuma jirgin ƙasa na tsayawa a bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya. Na bar shi ya gama, na maimaita.