Ƙanƙarar Tulun Manphool

"Ni fa da idona na gani. Daga gwiwa har idon sawu, fari fat."

"Ƙafa ɗaya?"

"Duka biyun. Irin wannan farin a jini yake, ba ya tafiya."

"To aikin 'yan sanda ya sha ruwa ke nan. Ranar Litinin likita zai duba su."

"Ta aikin kike? Wa zai ƙara sayen kulfi a hannun uban?"

"Ke, rage murya, ga shi can."

A gaban teburin shayina matan suka yi wannan magana a kan 'yar Manphool mai kulfi. Manphool na tsallaken hanya, tsaye a bayan kekensa, yana jin su. Bai ɗago ba.

Tun ina yaro yake sayar da kulfi, daskararriyar madara mai zaƙi, a ƙofar filin wasan garinmu Bhiwani, cikin wani tulu da ya naɗe da jan ƙyalle. Kowa a unguwa Tau yake ce masa, wato baffa. Ba shi da yawan magana, ƙararrawar keken ce ke kira masa ciniki. Kullum da safe zai fasa ƙanƙara cikin tulun, ya zuba mata gishiri don madarar ta daskare a gwangwanayenta. Tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin sanyin.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Rajbala, mai gudu. Burinta ta shiga aikin 'yan sanda, bana kuma ita ce damarta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce. Idan ta gama atisaye sai ta zauna gefen keken, ya ba ta ƙanƙarar da bai sa wa gishiri ba, naɗe cikin tawul, ta ɗora a ƙwauri.

Ranar gwajin gudu ta ci. Ta iso da la'asar tana dariya tana ɗingishi, rana kuwa ta narkar da ƙanƙarar da ya ajiye mata. Sai ya tsoma hannu cikin tulun ya ɗebo, ya zuba a siririn gyalenta, ya ɗaure mata tam.

"Bapu, wannan fa tana cizo."

"Ke da za ki kama ɓarayi, ƙanƙara ce za ta sa ki raki? Bar ta, beti, 'yata, sai ciwon ya mutu."

Ciwon ya mutu kuwa. Ta shiga ba ƙawayenta labarin gudun, ta manta. Da aka kwance, fatar ta yi fari, ta yi tauri kamar kyandir. Ta mintsina, ba ta ji komai ba. Washegari bororo ya fito.

Ni na raka su ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin ta duba, ta dubi Manphool.

"Daga tulun ka ɗebo, Tau? Mai gishirin?"

Ya gyaɗa kai.

"Ƙuna ce. Sanyi ma yana ƙona mutum, balle na ƙanƙara mai gishiri. Za ta warke, amma ba kafin Litinin ba."

Manphool ya ce, "In ta faɗa wa masu duba su haka za su yarda?"

"Ban sani ba. Layi ne mai tsawo, kallo ɗaya ake wa mutum. Ni kuwa maganata ba ta kai can."

A hanya Rajbala ta ce, "Bapu, ka daina kallon ƙafata." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ranar Lahadi na gan shi zaune a inuwar keke, bai buga ƙararrawa ba ko sau ɗaya. Da na kai masa shayi na ga damtsensa ɗaure da gyalen nan, ruwa na ɗiga. Ya cije leɓe, gumi na tsattsafo masa.

"Tau, ka haukace ne? Kwance wannan!"

"Bar shi. Ban daina ji ba tukuna."

Litinin muka isa wurin da ake duba su. 'Yan mata sun cika layi, kowacce ta naɗe wando zuwa gwiwa, Rajbala kaɗai ce ba ta naɗe ba. Na kusa da ita sun fara ja da baya suna raɗa. Aka kira lambarta, ta shiga ba ta waiwayo ba.

Manphool ya bi ta. Mai gadi ya tare shi da sanda.

"Ina zuwa, tsoho? Iyaye a waje suke jira."

Ya naɗe hannun riga. Ga farin nan a damtsensa, da bororon, irin nata sak. Mai gadin ya ja baya.

"Ɗana, ba cuta ba ce, ni na yi. Na roƙe ka, bar ni in shiga, likita ya ga hannuna kafin ya ga ƙafarta."