Matsattsakun Inna

Gero ya isa huɗa ke nan jan sana ya zame a bakin rijiya, ya bugu a gwiwar ƙafar baya. Kafin kwana biyu wurin ya kumbura ya yi tauri, ko taka ƙafar ba ya yi. Shanun huɗa biyu gare ni, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. A ƙauyenmu da ke kusa da Zango, wanda huɗa ta wuce shi da mako biyu ya riga ya san abin da zai zuba a rumbu.

Malamin dabbobi ya zo daga Daura a kan babur, ya yi allura, ya ce jini ne ya taru, a ba shi lokaci. Lokacin kuwa shi ne ba ni da shi. Wani maƙwabci ya ce in shafa baƙin mai saboda ƙuda, na labta masa har yana ƙyalli. Mahaucin garinmu kuma ya tsiri zuwa gaishe ni safe da yamma, mutumin da ko da Sallah bai taɓa tako ƙofata ba.

Mahaifiyata, Inna, tana da wani tulu a ƙarƙashin rumbu. A ciki take ajiye matsattsaku, irin na tafki masu shan jini, tana sauya musu ruwa, tana barin su da yunwa da gangan. A wurin mahaifinta ta koyi yi wa dabbobi magani da su, makiyayi ne. Ba zan ɓoye ba, kunyar tulun nan nake ji. Ina koyarwa a firamare, ana ce mini malam, ga shi duk mai shanu ya tsani matsattsaku, don su ke shigewa hancin saniya a wurin shan ruwa. Saboda haka ban nemi taimakonta ba.

A rana ta huɗu ta ji mahaucin yana zagaya turke yana yaba ƙibar san. Sai ga ta da tulun a hannu, tana lalube, domin idonta ya riga ya yi rauni. Ta sa aka kayar da san aka ɗaure, maƙwabta suka taru kallo. Ta ɗebo guda biyar a ƙoƙo ta kife a kan kumburin. Da ta ɗaga, duk sun dunƙule, ba wanda ya kama. Ta sake, haka. Aka fara dariya, mahaucin ya ce ko tsutsa ta san naman nan nasa ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta sunkuya ta sansana ƙafar. Ni ɗan fari ne, ba ta yi mini magana kai tsaye, don haka sai ta fuskanci matata.

“Wane mai wayon ne ya shafa masa baƙin mai?”

“Ni ne, Inna,” na ce.

“Ki ce masa ko shi aka zuba wa wannan a tuwo, ba zai ci ba.”

Dariyar ta dawo kaina, kuma na cancance ta. Ni na durƙusa na wanke wurin da ruwan ɗumi da dusa har sau uku, na aske gashin, aka ɗauraye da ruwan tafki. Duk da haka matsattsakun suka yi ta yawo a kan fatar ba su kama ba. Inna ta miƙa hannu jikin shinge ta karyo ƙayar aduwa, ta soki babban yatsanta, ta goga jinin a kan gwiwar. Ɗaya ya kafa kai, sauran suka bi.

Muna kallo suna cika har suka kai kaurin yatsa. Ta hana kowa ja, ta ce in sun ƙoshi za su saki da kansu, haka kuwa aka yi. Ta tattara su da hannu ɗaya bayan ɗaya, sai da ta tabbatar biyar ɗin sun cika, kada wani ya ɓace ya faɗa kwamin shan ruwa. Baƙin jini ya yi ta tsattsafowa har azahar, sannan ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Bayan kwana biyu ta maimaita, wannan karon ba ɗan kallo ko ɗaya.

Ban ce allurar ba ta yi nata aikin ba. Abin da na gani shi ne gwiwar ta saɓe, san ya fara taka ƙafar a hankali, ranar Laraba kuma na sa masa karkiya.

Ban zaci Inna za ta biyo mu gona ba, ta daɗe ba ta yi tafiya mai nisa haka ba. Da na kai ƙarshen layin farko na juyo, sai na gan ta tsaye a bakin gona, matata na riƙe da hannunta. Na tsayar da shanun a gabanta. Ta tsuguna ta shafa gwiwar, ta matsa nan ta matsa can, ta daɗe tana jin ko akwai zafi. Sannan ta miƙe ta mari san a ɗuwawu.

“Ku tafi, rana na yi.”

Ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da tsohuwar nan a safiyar ba. Na kama garma idona cike da hawaye, layi na biyu har ya ɗan karkace. Ranar Asabar da hantsi muka gama gonar.